Ɗaukar Hoton Kaburbura da Allunan Tunawa a Tsofaffin Maƙabartun Jos: Tambayoyi da Amsoshi

Masu yin waɗannan tambayoyi galibi iri uku ne: ɗalibai masu binciken tarihin gari, da masu neman kabarin kaka ko kakan-kaka, da masu sana'ar hoto waɗanda wani daga nesa ya aiko su nemo masa kushewar ɗan'uwansa. An fara da abin da ya kamata a sani kafin a taka ƙofar maƙabarta, sannan aka shiga aikin kansa.

Me zai sa mutum ya ɗauki hoton kabari tun farko?

Saboda rubutun da ke kan kaburbura ɓacewa yake yi, kuma ya fi saurin ɓacewa fiye da yadda ake zato. Allon ƙarfe da aka rubuta wa suna da fenti, damina kaɗan ta ishe shi ya yi tsatsa fentin ya ɓare. Wanda ya tsira daga ruwa, ba lallai ya tsira daga 'yan jari-bola ba. Siminti yana tsagewa, wutar da ake sa wa ciyawa da kaka tana fasa dutse, zaizayar ƙasa tana kwantar da abin da ke tsaye.

Jos kuwa gari ne da kuza ta tara wa jama'a daga ko'ina. Ƙaramin layin dogo ya iso daga Zariya a 1914, babban layin ya iso ta Kafanchan a 1927, mutane suka yi ta kwararowa suna zama tare da Birom da Anaguta da Afizere da suka tarar: Hausawa, Kanuri, Nufawa, Yarbawa, Ibo, Urhobo, Kwarori, da Turawan kamfanonin haƙar ma'adinai. Da yawa daga cikin leburori da 'yan tireda na wancan zamani ba su bar takarda ko ɗaya ba. Idan an yi sa'a akwai suna da shekara a kan kabarinsu, to wannan ne kaɗai rubutaccen shaidar cewa sun rayu a garin nan. Ranar da ya goge, shi ke nan.

Shin addini ya yarda da wannan aiki?

Wannan shafi ba wurin fatawa ba ne, kowa ya tuntuɓi malaminsa ko limamin cocinsa. Abin da yake sananne shi ne, a Musulunci ziyarar kaburbura an yi umarni da ita bayan an taɓa hana ta, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, domin tana tuna wa mutum lahira. A cikin littafin kuma akwai hadisin Jabir da ya hana shafe kabari da farar ƙasa, da zama a kansa, da yin gini a kansa. Ruwayar Tirmizi ta ƙara da hana rubutu. A gefe guda kuma, Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya aza dutse a kabarin Usman bin Maz'un don ya zama alama. Shi ya sa za ka ga maƙabartun Musulmi mafi yawansu tudun ƙasa ne da 'yar alama, kuma shi ya sa wasu masu kula da su ba sa son ganin kyamara ko kaɗan. Idan an ce maka a'a, a'a ɗin ce.

A maƙabartun Kirista an saba da dutse mai rubutu, wani lokaci har da hoton mamacin, don haka ƙyamar ba ta kai haka ba. Duk da haka ba a shiga gaba-gaɗi. Duba amsar da ke biye.

Wa zan nemi izininsa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, kuma ita aka fi tsallakewa. Baƙon fuska da ke yawo tsakanin kaburbura yana duƙawa yana leƙe, abu na farko da zai zo wa mutane a rai shi ne masu tonon kabari don tsafi. Ba wanda zai tsaya jin cewa kai ɗalibin tarihi ne idan an riga an yi maka ihu. Rai ake magana.

A maƙabartar Musulmi, fara da mai gadi da masu haƙar kabari, su za su kai ka ga kwamitin maƙabartar; idan ta unguwa ce, ka bi ta hannun mai unguwa ko limami. Ka yi sallama, ka gaisa a tsanake, ka ce, "Baba, na zo neman kabarin kakana ne, ina so in ɗauki hoton allonsa idan an yarda," ko ka faɗi ainihin abin da ya kawo ka. Kada ka fito da waya kafin a amsa. A ta coci, ofishin cocin za ka je. A ƙauye, sai da sanin dagaci da dangin mamatan, domin a wurare da yawa a Filato ana binne mutum a gonar gidansu ko a filin da ke bayan gidan, wannan kuwa mallakar iyali ce. Ɗalibi ya riƙe takarda daga sashensa da katin shaida. Ka nemi a haɗa ka da wani ya zaga da kai, kuma ka yi masa alheri in za ka tafi. Masu haƙar kabari sun san wurin fiye da kowace taswira. Sau da yawa su ne za su ce maka wannan layin na mutanen shekara kaza ne, wancan kuma an sake binnewa a kansa.

Ina ne ake samun tsofaffin kaburbura masu rubutu a Jos da kewaye?

A cikin gari babbar maƙabartar da kowa ya sani ita ce ta titin Zariya. Bayan ita, bi sawun kuza da na mishan: Narkuta, inda Turawa suka fara zama kafin garin Jos ya kafu sosai, da Bukur, da Barikin Ladi, da Vom. A Miyango, cikin ƙaramar hukumar Bassa, akwai maƙabartar 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission), kuma abin da ke tsaya wa mai ziyara a rai shi ne yawan kaburburan ƙananan yara. Tsofaffin coci-coci ma sukan samu allunan tunawa a jikin bango. Cocin St. Piran da ke Jos, alal misali, sunan waliyyin masu haƙar kuza na yankin Kwanwal a Ingila ya ɗauka, abin da ke nuna su wane ne suka fara taruwa a cikinsa.

Kafin ka fita bayan gari, tambayi mutanen wurin halin da hanya ke ciki a wannan makon, ba labarin bara ba.

Waɗanne ladubba zan kiyaye idan na shiga?

Musulmi ya yi wa mazauna wurin sallama da addu'a kamar yadda aka koyar. Kada a taka kabari, kada a zauna a kai, kada a jingina jaka ko ƙafar kyamara da shi. Idan aka shigo da gawa, mayar da waya aljihu ka koma gefe, ko ka bi sahu ka taya su. Jana'izar mutanen da ba ka sani ba ba abin ɗauka ba ce. Haka wanda ka tarar yana kuka a kan kabarin nasa. Ban da hoton kai, ban da raha.

Kula da ƙafarka ma. Da damina tsohon kabari yakan rufta, kuma ciyawa da tarin duwatsu maɓoyar kububuwa da kunama ne. Sa takalmi rufaffe, riƙe sanda, kada ka cusa hannu inda idonka bai gani ba.

Ni mace ce, zan iya yin wannan aikin?

A maƙabartun Kirista ba matsala. A na Musulmi, malamai sun yi saɓani kan ziyarar mata, amma al'adar da aka saba da ita a nan ita ce mata ba sa shiga, kuma mai gadi zai iya mayar da ke daga ƙofa. Hanya mafi sauƙi ita ce ki rubuta wa ƙaninki ko yayanki abin da kike so, ki ba shi tsarin da ke cikin amsar "hotuna nawa", ki karɓi aikin a waje ki duba kafin ku bar wurin.

Wayata ta isa, ko sai na nemi babbar kyamara?

Ta isa. Abin da ke raba hoto mai amfani da marar amfani a wannan aiki haske ne, ba tsadar na'ura ba. Goge gilashin kyamarar, kashe filas, kada ka jawo hoto da yatsu, matsa kusa da ƙafarka. Abin da ya kamata ka ɗauko: madubi mai ɗan girma, tocila mai ƙarfi, lema, gorar ruwa mai tsabta, buroshin fenti mai laushi, littafi da biro, da batirin caji.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Ya danganta da inda fuskar dutsen take kallo. Kana son rana ta gogi dutsen ta gefe ko ta sama, ba ta doke shi gaba da gaba ba. A Jos rana tana kaiwa tsaka wajen sha biyu da rabi. Dutsen da ke kallon gabas, kamar yadda aka saba a tsofaffin kaburburan Kirista, yakan fi karantuwa daga sha ɗaya zuwa sha biyu. Da sassafe haske ya cika shi, rubutun ya baje. Mai kallon yamma sai bayan azahar, wajen ɗaya zuwa biyu. Wanda ke kwance a ƙasa kuwa akasin haka ne: da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ta yi ƙasa.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu da ke kusa da tsakiyar duniya. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana bi ta arewa da mu, sauran shekara kuma ta kudu. Saboda haka dutsen da ke kallon kudu da hunturu ake samunsa, mai kallon arewa kuma a Yuni da Yuli. A ganina Nuwamba ta fi kowane wata: ruwa ya ɗauke, an yi aikin gayyar share ciyawa, hazo bai yi kauri ba tukuna. Idan hazo ya sauka, inuwa takan mutu, sai ka koma ga madubi da tocila. Yuli da Agusta ciyawa ta rufe komai, ga tsawa, kuma fili mai tudu ba wurin tsayawa ba ne in hadari ya haɗu.

Rubutun ya kusa shafewa, ido ma da ƙyar yake gani. Yaya zan fito da shi?

Da inuwa. Harafin da aka sassaƙa rami ne ɗan ƙarami. Idan haske ya zo masa ta gefe, ramin zai cika da inuwa ya fito baƙi. Kamar sawun kaza ne a kan rairayi: da hantsi kana ganinsa rangaɗaɗau, da tsakar rana sai ka ce ba abin da ya wuce ta wurin.

Ga yadda ake yi. Abokin aikinka ya tsaya can gefe inda rana take, ya tare ta da madubi ya turo hasken ya bi fuskar dutsen a kwance, kusan yana shafar ta. Kai kana tsaye a gaban dutsen kana kallon fuskar waya, kana ce masa ya ɗan ɗaga, ya ɗan sauke. Akwai inda za a kai, sai ka ga layin da ɗazu ka ɗauka tabon gansakuka ne ya zama suna, lambar da ke ƙasa ta rabu gida huɗu ta zama shekara. A nan za ka ɗauka. Sannan ya koma ɗaya gefen a sake, domin haske daga hagu yana fito da wasu layukan harafi, daga dama kuma wasu, daga sama kuma layukan da ke kwance. In babu madubi, kwali da aka lulluɓe da takardar alminiyam ta naɗe abinci yana yi, sai dai haskensa ya fi laushi.

Idan rana ta yi yawa ko hazo ya kashe ta, yi wa dutsen inuwa da lema ko babban mayafi mai duhu, ka kwantar da tocila a gefensa. Kada ka ce za ka dawo da dare don duhu ya fi kyau. Dalilin yana cikin amsar neman izini. Wani lokaci fesa ruwa kaɗan ma yana taimakawa: fuskar dutsen takan riga ramukan bushewa, sai a samu ɗan lokaci da haruffan suka fi duhu. Allon ƙarfe mai tsatsa ma kada ka yanke masa ƙauna, fenti yakan bar tudu siriri ko bayan launinsa ya tafi, kuma hasken gefe yana kama shi.

Na ga ana goga alli ko gawayi don rubutu ya fito. In yi?

Kada ka yi. Alli da gawayi suna kankare fuskar da ta riga ta yi laushi, kuma suna shiga ƙofofin dutse su zauna. Garin fulawa yana jiƙa ya zama abincin gansakuka. Omo da bilic suna barin gishiri a cikin dutse, daga baya ya kumbura ya ɓare fuskar. Soson ƙarfe kuwa a minti ɗaya zai cinye abin da ruwan sama bai ci ba a shekara hamsin. Farin dutsen mabul da Turawa suka riƙa shigowa da shi shi ya fi rauni: in ka shafa shi ka ji yana zubar da gari a yatsa, ko ruwa kada ka sa masa. Dutsen giranit irin na duwatsun Jos ya fi juriya, siminti kuma yana tsakiya.

Iyakar abin da za ka yi shi ne kaɗe ƙura da buroshi mai laushi da kwantar da ciyawar da ta tare rubutu. Ciyawar da ta yi saiwa a cikin tsaga, yanke ta, kada ka tuge. Dutsen da ya faɗi a bar shi yadda yake, a sanar da masu wurin. Sake fenti ma ba naka ba ne, na iyalan mamacin ne, kuma ko su ya kamata su ɗauki hoto tukuna, domin mai fenti yakan bi abin da yake zato ne ya mayar da 3 ta zama 8. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Hotuna nawa zan ɗauka a kowane kabari?

Aƙalla uku. Na farko daga nesa, yadda za a ga kabarin da maƙwabtansa da wani abu da ba ya gusawa, kamar katanga, ƙofa ko babban dutse. Na biyu kabarin gaba ɗaya. Na uku rubutun kaɗai, ka durƙusa wayar ta yi daidai da tsakiyarsa, ba ka ɗauko shi daga tsaye haruffan ƙasa su tsuke ba. Leƙa baya da gefe, wani lokaci akwai ƙarin suna, ko sunan wanda ya sassaƙa a can ƙasa. Kafin ka matsa, kwafe rubutun a littafi layi bayan layi yadda yake, har da kuskuren da ke ciki. Inda ba ka gane ba ka bar gurbi.

Kabarin kakana tudun ƙasa ne kawai, ba rubutu. Akwai amfanin hoto?

Akwai, amma abin da kake adanawa a nan wuri ne. Kunna alamar wuri a kyamarar waya don hoton ya riƙe inda aka ɗauke shi, amma ka sani takan kauce da 'yan mitoci, kuma a maƙabarta mai cunkoso wannan kaucewar kaburbura da yawa ce. Don haka haɗa da awo: taku nawa daga kusurwar katanga, layi na nawa, kabarin wa ke kudu da shi, na wa ke arewa. Kabarin Musulmi a nan yana miƙe ne kudu da arewa, kai a kudu, fuska na duban alƙibla, wannan zai taimaka maka gane inda alamar kai take. Mafi muhimmanci, je da dattijon da ya halarci jana'izar, ka nemi izininsa ka naɗi muryarsa yana nuna wurin.

Yaya zan karanta shekarun da aka rubuta da lambobin Larabci ko na Hijira?

Hattara da lambobi masu kama da juna. A na Larabci, biyar zagaye ce kamar sifirin boko, sifiri kuma ɗigo ne da tsatsa kan iya haɗiyewa. Biyu da uku haƙori ɗaya ya raba su. Bakwai da takwas juyin juna ne. A na boko, 1 da 7, 3 da 8, 5 da 6 su ne masu ruɗi. Don mayar da shekarar Hijira ta Miladiyya a ƙiyasce, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1380 za ta ba ka 1960 da ɗoriya, wato tsakanin 1960 da 1961. Rubutun ajami kuwa kai wa malamin allo ya karanta, ya fi manhajar waya nesa ba kusa ba.

Idan ka ga kaburbura da dama na ƙarshen 1918 a jere, ka tuna annobar murar da ta ratsa duniya ta iso Najeriya a lokacin. Wanda ke son bin diddigin wani suna, takardun mulkin lardin Filato suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna.

Kaburburan sojoji da wuraren tunawa da su fa?

Waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 da na 1939 zuwa 1945 suna ƙarƙashin hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, wadda aka kafa a 1917, kuma ana iya neman suna kyauta a shafinta na intanet. Duwatsunta iri ɗaya ne ga hafsa da ƙaramin soja: tambarin runduna a sama, sai lamba, muƙami, suna da ranar rasuwa. Tambarin rundunar Afirka ta Yamma bishiyar kwakwa ce. Idan kakanka yana cikin waɗanda suka tafi yaƙin Bama bai dawo ba, mai yiwuwa sunansa yana can, a kan allon tunawa na Rangun, ba a nan gida ba. Nemi sunan ta rubutu daban-daban, domin akawun soja yadda kunnensa ya ji yake rubutawa.

Duk abin da ke cikin bariki ko jikinsa, kamar na Rukuba, ba a ɗauka sai da izinin soja a rubuce. Wuraren da ake ajiye furanni ranar 15 ga Janairu ma tambayi masu gadi tukuna. Jirgi marar matuƙi kuwa yana buƙatar izinin hukuma a Najeriya, kuma a maƙabarta ba abin da zai jawo maka sai taron jama'a.

Zan iya ɗaukar kaburburan waɗanda suka rasu a rikice-rikicen Jos?

Rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 sun bar kaburbura a ɓangarorin biyu, wasu na mutum ɗaya, wasu na bai-ɗaya. Iyayen waɗannan mutane da 'ya'yansu suna nan da rai. Idan naka ne ke ciki, ɗauki don gidanku. Idan bincike kake yi, sai da yardar shugabannin al'ummar da iyalai, kuma ka gaya musu inda hoton zai ƙare. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a ɗora irin wannan hoto a Facebook da kalaman da za su tayar da tsohon miki. Garin nan ya sha wuya kafin a kai ga zaman da ake yi yanzu.

Yaya zan adana hotunan, kuma ya dace in sa su a intanet?

A ranar da ka ɗauka, sauya wa kowane hoto suna: maƙabarta, sunan mamaci, shekarar rasuwa, ranar ɗauka. Ajiye a wuri biyu aƙalla, ɗaya ba a cikin wayar ba. Kada ka gyara asalin hoton. In za ka ƙara masa duhu don rubutu ya fito, yi a kan kwafi. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto ta kuma goge bayanin wurin da aka yi maganarsa a amsar kabari marar rubutu.

Akwai shafuka na wannan aiki, irin su Find a Grave da aka fara a 1995, da BillionGraves mai haɗa kowane hoto da inda yake. Kabarin da ya kai shekara ɗari, sa shi zai iya haɗa wani da kakansa. Na kwanan nan kuwa, musamman mai ɗauke da sunayen 'ya'ya ko hoton mamaci, sai iyalai sun yarda, kuma in suka ce a cire, a cire. Ka kai wa kwamitin maƙabartar ko cocin kwafin abin da ka tattara, ko da bugawa ce a takarda.

Wani daga ƙasar waje ya ce in nemo masa kabarin kakansa zai biya ni. Me zan tambaye shi?

Cikakken suna da duk yadda ake rubuta shi, shekarar rasuwa, addini ko ɗarikarsa, da aikin da ya kawo shi: kamfanin kuza, reluwe, mishan ko gwamnati. Wannan ne zai nuna maka ko Bukur za ka nufa ko Miyango. Ku yi ciniki a kan wahalar nema, ba a kan samu ba, saboda kabarin zai iya kasancewa ya shafe. Sa kuɗin mota da alherin mai gadi a lissafi, ka gaya wa masu wurin cewa aiko ka aka yi. In ba ka samu ba, tura masa hoton maƙabartar da sashen da ake kyautata zato, ka faɗa masa a fili cewa zato ne. Idan kuma ya nemi a gyara kabarin ko a sake masa rubutu, haɗa shi da masu kula da wurin kai tsaye, su yi magana da shi kafin a taɓa komai.